Gufi masu ado a tankin haɗaka: me ke kashe su, kuma da wa za su zauna?

Tambayar ta zo daga wani ɗan'uwa a Kaduna. Ya ce ya sayi tankin gilashi mai tsawon santimita 60, ya cika shi da ruwan famfo, a ranar kuma ya zuba ƙananan kifayen nan da ake kira gufi, masu ado, guda goma, maza bakwai mata uku, tare da wani ƙaramin kifi mai ratsi da ake kira taiga-bab guda huɗu da kifin zinariya ɗaya. Kafin mako biyu wutsiyoyin mazan sun yayyage, biyar sun mutu, sauran suna maƙale a saman ruwa suna haki. Yana son ya san inda ya kuskure, da irin kifayen da gufi zai zauna da su lafiya, tunda a wurin saye an ce masa gufi ba ya mutuwa da sauƙi.

Malam, sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Na san yadda abin yake a rai, mutum ya tashi da safe ya tarar da kifin da ya fi burge shi kwance a ƙasan tanki. Na daɗe ina kiwon wannan kifi, kuma abin da ya same ka kusan shi ke samun duk wanda ya fara, don haka ka yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Maganar da aka gaya maka a wurin saye ita ce mafarin matsalar. Gufi mai jure wahala akwai shi, sai dai ba shi ka saya ba. Asalin kifin nan, wanda masana ke kira Poecilia reticulata, daga arewa maso gabashin Kudancin Amurka yake, wato su Benezuwela da Guyana da tsibiran Tirinidad da Tobago. Wani masani Bajamushe, Wilhelm Peters, shi ya fara bayyana shi a 1859. A 1866 kuma Robert John Lechmere Guppy ya aika da samfurinsa daga Tirinidad zuwa Landan, sunansa ya bi kifin har yau. Daga baya aka yi ta kai shi ƙasashe masu zafi don ya riƙa cinye tsutsar sauro, shi ya sa yanzu ake samunsa har a magudanan ruwan Legas, cikin ruwan da ko yatsa ba za ka so ka tsoma ba. Wannan gufin na kwata ɗan ƙarami ne, wutsiyarsa gajera, ga zafin nama, macensa kuwa ruwan toka ce, ba ta da wani ado. Shi ne ya samo wa danginsa sunan juriya.

Naka kuwa jikan jikansa ne da aka yi shekara da shekaru ana tacewa. Masu kiwo sun yi ta haɗa wa da ƙanwa, uba da 'ya, don launi ya tsaya, wutsiya ta buɗe kamar mafici. Haka aka samu irin su Mosko mai launi ɗaya tun daga kai har wutsiya, da kobra mai zanen fatar maciji, da wanda rabin jikinsa baƙi ne, da zabiya mai jan ido. Yawancin waɗanda ke zuwa kasuwa daga manyan gonakin kifi na Singafo, Tailan, Siri Lanka, Malesiya da Indunusiya suke, inda sau da yawa ake rainonsu cikin ruwa mai ɗan gishiri. Sai su sha doguwar tafiya a leda, su wuce hannun dillali biyu ko uku, kafin su iso gare ka a galabaice. Akwai wani bincike da masani John Endler ya wallafa a 1980 da ke nuna farashin wannan ado. Ya ɗebi gufi daga wani sashen kogi a Tirinidad inda manyan kifaye ke farautarsu, ya kai su wani rafi da babu irin waɗannan mafarauta, cikin kimanin shekara biyu mazan da aka haifa a can suka fi iyayensu launi. Ma'ana, a daji ado yana ƙaruwa ne inda masu cutarwa suka yi ƙaranci. Gufi mai ado da ke hannunka an kai shi matakin da daji ba zai taɓa barinsa ya kai ba. Yana jan wutsiyar da ta kusa tsawon jikinsa, ba ya iya gudu, ba ya iya ramawa. Saboda haka idan za a yi tankin haɗaka da shi, wato tankin da ake haɗa kifaye iri-iri, shi ake fara dubawa, sannan a zaɓo ruwa da maƙwabtan da suka dace da rauninsa.

A tankinka abubuwa uku ne suka haɗu, kuma wanda ya fi yin kisa shi ne wanda ido ba ya gani.

Kifi yana fitar da amoniya ta wurin numfashinsa da ta kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake zama. Guba ce mai ƙona wurin numfashin kifi. A tsohon tanki akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a jikin soson matata, wato na'urar tace ruwan tanki, da tsakuwa, wasu suna mayar da amoniya ta zama naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ta zama naitiret, wadda ita ce mai sauƙin illa, ana rage ta da canjin ruwa, tsirrai kuma su sha wani abu daga ciki. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyi, kuma kafin su yawaita sai an yi mako huɗu zuwa shida. Kai kuwa a rana ɗaya ka zuba kifi goma sha biyar. Idan faɗin tankinka da tsayinsa santimita 30 ne kowanne, kamar yadda aka saba yi, to lita 54 yake ɗauka, in ka cire tsakuwa da sararin sama bai fi lita 45 ba. Makon farko amoniya ta taru, mako na biyu naitirait ta biyo baya. Ita naitirait jini take shiga ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, shi ya sa kake ganin kifin yana haki a sama ko da famfon iska yana aiki. Wani abin lura kuma, ruwan da gufi ke so, wato mai ɗan kauri, mai ma'adinai narke a ciki, wanda pH ɗinsa, ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa, ke tsakanin 7 da 8, a cikinsa amoniya ta fi dafi. Daga 7 zuwa 8 kason da ke cutarwa yakan ninka kusan sau goma, zafi kuma yana ƙara shi.

Na biyu shi ne taiga-bab. Kifi ne mai kyau, ina son sa, amma ɗabi'arsa ce cizon fiffiken duk wanda ke tafiya a hankali. Idan suna da yawa, kamar takwas ko goma, sukan shagala da junansu, idan kuwa huɗu ne sai su juya kan maƙwabta. Ko da sun kai ashirin ba zan haɗa su da gufi mai dogon bindi ba. Kowane cizo ƙofa ce, a cikin ruwa mai guba kuma ƙofar ba ta rufewa, sai ruɓewar fiffike ta shiga. Na uku, kifin zinariya. Na ruwan sanyi ne, yana girma ya wuce tafin hannu, kuma shi kaɗai yana ɓata ruwa fiye da gufinka goma a haɗe. Idan ya ƙara girma, duk abin da ya shiga bakinsa ya zama abinci.

Abin da za ka yi yau, kafin komai: ka fitar da taiga-bab da kifin zinariya, ko ka mayar wa mai shago ko ka ba wanda ke da wurinsu. Ka canja rabin ruwan da wanda ba shi da kulorin kuma zafinsa ya yi daidai da na tanki. Ka daina ba da abinci kwana biyu, ba abin da zai same su. Ka narkar da gishiri mara haɗi a kofi, giram ɗaya ga kowace lita, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ga lita biyar, ka zuba a hankali, domin gishiri yana tare naitirait daga shiga jini. Daga nan ka riƙa canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan kullum ko bayan kwana ɗaya, har sai ma'aunin ruwa ya nuna babu amoniya babu naitirait. Ka tuna gishiri ba ya bin tururi, sai da ruwan da ka kwashe yake fita, don haka na ruwan da ka canja kawai za ka mayar. Idan kana da aboki mai tsohon tanki lafiyayye, ka roƙe shi ya matse maka soson matatarsa a leda ka juye a naka. Wannan ruwan mai datti ya fi duk wata kwalba da za a sayar maka amfani, yana rage jiran da makonni.

Ma'aunin ruwa na ɗigo, wanda ake ɗiga magani a ga launi, ina ganin ya kamata a saye shi tun kafin a sayi kifin farko. Mutane suna kashe kuɗi kan fitila mai launi da furen roba, su bar abin da zai gaya musu gaskiyar ruwansu.

Tunda mun zo kan ruwa, bari in tsaya a nan kaɗan, don a ƙasarmu kowane gida da irin nasa. Ruwan famfo yakan zo da kulorin. Idan kulorin ne zalla, ka tara a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ɗaya ko biyu zai fita, amma maganin cire kulorin ya fi tabbas, kuma kwalba ɗaya tana daɗewa. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kulorin, sai dai wani mai kauri ne wani kuma sakwat, ya danganta da ƙasar wurin, kuma yakan fito da ƙarancin iska, don haka a bar shi ya huta tukuna. Ruwan 'yan garuwa ka san daga inda suke ɗebowa, ka kuma tabbata jarkar ba ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ba. Ruwan sama da ruwan leda da aka tace sosai ba su da ma'adinan da gufi ke buƙata. A cikin irin wannan ruwa za ka ga kifi ya tsuke fiffike, yana rawar jiki a wuri ɗaya ba ya gaba ba ya baya, a hankali ya rame. Maganinsa mai sauƙi ne: ka sa ɗan dakakken murjani na shagon kifi, ko farar ƙasa ta dutse, ko ɓawon ƙwai da aka wanke aka tafasa, a ƙulle a ƙyalle mai raga kusa da matata. Suna narkewa sannu sannu. Kada ka kuskura ka sa kanwa. Na ji masu ba da wannan shawara saboda sun ji an ce gufi na son ruwa mai ɗan kanwa-kanwa, amma ita kanwa tana harba pH sama a lokaci ɗaya, kuma canjin gaggawa ya fi kashe gufi a kan ruwan da bai cika daidai ba amma yana nan yadda yake.

Wankin tanki ma yana cikin abin da ke kashe kifi a gidaje da yawa. Sai mutum ya ga gansakuka ta fara fitowa, ya kwashe kifi ya zuba a roba, ya wanke gilashi da tsakuwa da soso da sabulu, ya cika da sabon ruwa. Ya kashe bakteriyar da ya yi wata guda yana jira, ya koma ranar farko, ga kuma ragowar sabulu. Tanki ba a wanke shi haka. Sau ɗaya a mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, kana bin tsakuwa don dattin ya fito, ka matse soson a cikin wannan ruwan da ka zuƙe, ka mayar. Shi ke nan.

Zafin da gufi ya fi jin daɗi shi ne digiri 24 zuwa 26, yana kuma iya zama tsakanin 22 da 28. A Kaduna da Kano da makamantansu wannan yana nufin yaƙi biyu a shekara. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, ruwan tanki a ɗaki mai rufin kwano yana iya haura 30. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, kifin kuma yana ƙara buƙatarta, ga tsufa da wuri, domin gufi dama bai cika wuce shekara biyu zuwa uku ba, zafi kuma yana ƙara gajarta masa. Ka nisanta tanki daga taga, ka kashe fitila da rana, ka sa ƙaramar fanka tana busa saman ruwa, za ta sauke digiri biyu ko uku. Idan abin ya tsananta ka sa gorar ruwa mai ƙanƙara ta yi yawo a sama, amma kada ka zuba ƙanƙarar kai tsaye. Da hunturu kuma sanyin asuba ne abin tsoro, domin faɗuwar zafi cikin dare ita ke buɗe wa ciwon farin ɗigo hanya. Hita mai wat 50 ta ishi tankinka. Idan babu wuta, ka lulluɓe shi da bargo tun magariba, ka jingina masa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji ta baya da gefe. Murfi kuma dole ne, saboda ƙurar hunturu da kuma tsalle, don gufi yana tsalle fiye da yadda ake zato.

Saboda matsalar wuta, matatar soso mai aiki da famfon iska ita nake ba kowa shawara. Ba ta tayar da igiyar ruwa mai ƙarfi da za ta gajiyar da mai babbar wutsiya, ba ta zuƙe jarirai, kuma ƙaramin famfon da ake caji ko ake haɗawa da batirin cajin waya yana riƙe ta sa'o'i da yawa. Rufaffiyar matata ta waje, idan wuta ta ɗauke na tsawon lokaci, bakteriyar cikinta tana shaƙewa, wuta na dawowa sai ta turo ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki. Ranar da komai ya ƙare, ka ɗebi ruwan tankin da kofi ka riƙa kwararo shi daga sama lokaci zuwa lokaci.

Akwai abu ɗaya da littattafan waje ba sa damuwa da shi, mu kuwa shi ne ya fi yi mana ɓarna: maganin sauro. Na taɓa rasa tanki guda cikin dare ɗaya, iri mai kyau da na yi fiye da shekara ina tacewa, saboda an yi feshi a ɗakin da yamma ba a rufe tankin ba. Magungunan feshi na gwangwani, da na igiya da ake kunnawa, balle fiya-fiya, dukkansu guba ne mai tsanani ga kifi, famfon iska kuma shi ke zuƙo iskar ɗakin ya tura ta cikin ruwa. Idan za a yi feshi, a kashe famfo, a rufe tanki ruf da leda da zane mai kauri, sai an buɗe tagogi warin ya fita sannan a kunna. Ka sanar da mutanen gida wannan, kowa da kowa. Haka nan hannu mai man shafawa ko turare ko sabulu kada ya shiga ruwa.

To, da wa zai zauna? Ka'idar da nake bi ita ce a nemi kifin da ba ya cizon fiffike, bakinsa bai isa ya haɗiye gufi ba, kuma ruwan da yake so shi ne na gufi. Filati shi ne na farko a wurina, danginsu ɗaya, shi ma haihuwa yake yi, ruwansu ɗaya, ba shi da faɗa. Moli ma ya dace da ruwan, sai dai ya fi girma, yana son wuri, namijinsa kuma yakan matsa wa matan gufi. Koridoras, ɗan ƙaramin kifi mai gashin baki da ke kiwo a ƙasa, maƙwabcin kirki ne, amma a sa shi garke na aƙalla shida, a shimfiɗa masa yashi mai laushi don kada tsakuwa mai kaifi ta cinye masa gashin baki, a kuma ba shi nasa abincin mai nutsewa. Ba ya son gishiri mai yawa, don haka sai ka gama da gishirin jinya kafin ya shigo. Rasbora mai baƙin tabo a gefe yana zama lafiya. Niyon tetira ana yawan haɗa shi da gufi, yana yiwuwa, amma shi ruwa mara kauri da ɗan sanyi ya fi so, bazararmu kuma tana wahalar da shi, ni ba na sa shi. Fileko kuwa ka yi hattara: wanda aka fi sayarwa da sunan mai share gilashi yana kai santimita 30 ko fiye, ƙaramin nau'in da ake kira Ancistrus mai gashi a hanci shi ne daidai. Dodon koɗi na ruwa da ƙananan jatan lande ba su da matsala.

Waɗanda za ka guje wa, ban da biyun da muka ambata: tetira mai suna serpae da mai baƙin siket, dukansu masu cizon fiffike ne. Namijin beta yakan ɗauki namijin gufi mai launi a matsayin abokin gaba. Anjel yana da kyau yana ƙarami, idan ya girma sai ya fara farauta. Oska da sauran manyan dangin karfasa ba a ma maganarsu. Kuma kada yara su kawo 'yar tarwaɗa ko 'yar karfasa daga rafi a jefa ciki don tausayi. Tarwaɗa mai tsawon yatsa, ka ba ta wata biyu, za ta share tankin. Akwai kuma wani ɗan'uwan gufi da ake kira Endla, suna zama lafiya amma suna barbarar juna, idan kana son irinka ya tsaya tsantsa kada ka haɗa.

Lissafin maza da matanka ma a juye yake. Namijin gufi kusan ba shi da aiki sai bin mace, maza bakwai a kan mata uku kuwa ba za su bar su su ci abinci ko su huta ba. Ko dai namiji ɗaya ga mata biyu zuwa uku, ko kuma maza zalla, shida ko fiye don tsangwamar ta rarrabu. Gane su ba wuya: fiffiken ƙarƙashin cikin namiji siriri ne kamar tsinke, da shi yake barbara, na mace kuwa a buɗe yake, kuma tana da baƙin tabo a bayan ciki wanda ke ƙara duhu idan ta kusa haihuwa. Idan ka ajiye mata, ka shirya wa yawa. Cikinsu kusan mako huɗu ne, babbar mace tana iya zubo 20 zuwa 50 a haihuwa ɗaya, kuma tana ajiye maniyyin namiji a jikinta watanni, ta yi ta haihuwa ko babu namiji a tankin. 'Ya'yan kuma cikin wata biyu zuwa uku sun isa haihuwa. Iyaye suna cin 'ya'yansu, sauran kifaye ma haka. Ƙaramin akwatin haihuwa na roba da ake rataye wa a tanki ba na son sa, yana firgita mace har ta yi ɓari ko ta mutu. Na fi son a cika kusurwa ɗaya da tsirrai, masu ƙarfi su tsira. A nan kainuwa tamu ta gida tana aiki ƙwarai: saiwoyinta da ke reto cikin ruwa mafaka ce ga jarirai, tana shan naitiret, tana kuma yi wa ruwa inuwa. Sai dai wadda aka ɗebo daga kududdufi a wanke ta sosai a ajiye ta a bokiti daban mako biyu, saboda matsattsaku da 'ya'yan mazari da ke cin ƙananan kifi, kuma a riƙa rage ta kada ta rufe saman ruwa duka. Tsiron Anubiyas, wanda asalinsa ma daga dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya yake, yana jure ƙarancin haske, a ɗaure shi a jikin dutse, kada a binne jijiyarsa mai kauri.

Abinci kaɗan, sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. A riƙa sauya musu: busasshen abincin kifi na gwangwani, ɗan dafaffen alayyafo, da tsutsar sauro daga ruwa mai tsabta idan an samu. Jarirai a murtsuke musu abincin ya zama gari, ko a ba su ɗan gwaiduwar dafaffen ƙwai kamar kan allura, domin tana saurin ɓata ruwa.

Idan lokacin ƙaro kifi ya yi, ka nemi wanda aka haifa a garinku a wurin wani mai kiwo, ko da adonsa bai kai na waje ba, domin ya saba da ruwanku. A shago ka tsaya ka kalli tankin minti biyar. Idan akwai matacce a ciki, ko mai tsukakken fiffike, ko mai shafaffen ciki, ko mai jan farin kashi kamar zare, ka bar duk na tankin. Ka tambayi mai shago ko yana sa gishiri. A gida ka ɗora ledar a saman ruwa minti 20, ka riƙa ƙara mata ruwan tanki kaɗan kaɗan na rabin sa'a, sannan ka kamo kifin da raga, ruwan ledar kuma ka zubar. Sabon kifi ya yi mako uku zuwa huɗu a wata roba daban mai nata soson kafin ya shiga cikin sauran. Wannan robar ita ce kuma asibitinka, domin magani irin shuɗin metilin yana kashe bakteriyar matata, ba a zuba shi a babban tanki.

Cututtuka biyu nake so ka iya bambantawa, saboda maganin ɗaya yana ƙara ɗayan. Farin ɗigo yana fitowa kamar an barbaɗa wa kifi gishiri, ƙwaya ƙwaya, kifin yana goga jiki a dutse. Shi ana ɗaga zafi a hankali zuwa 29 ko 30, a ƙara iska, a sa gishiri ko maganinsa, a ci gaba kwanaki bayan ɗigon ya ɓace, don magani ba ya kama ƙwayar sai lokacin da ta bar jikin kifi tana yawo a ruwa. Kolumnaris kuwa farin tabo ne shafaffe kamar auduga, a baki ko a gadon baya kamar sirdi, yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma zafi ƙara masa gudu yake. Shi sai a sauke zafi zuwa wajen 24, a ware mai ciwon, a tsabtace ruwa, a nemi maganin bakteriya a wurin likitan dabbobi. Idan kuma ka ga jajayen zarurruka suna leƙowa daga duburar kifi, tsutsar ciki ce da ake kira Camallanus, maganinta lebamisol, wanda ake ba awaki da shanu. Ka tabbata shi kaɗai ne a kwalbar ba a gauraya shi da wani maganin ba, likita ya auna maka daidai litar ruwanka, a maimaita bayan mako biyu zuwa uku.

Game da tankinka na lita 54, ga abin da zan yi in nawa ne. Biyar ɗin da suka rage su zauna su kaɗai har ruwa ya daidaita, wutsiyoyin kuma za su toho cikin makonni idan cizon bai kai tushe ba, ko da yake launin sabon wurin yakan fito da haske. Bayan mako shida, idan ma'auni ya nuna sifili a amoniya da naitirait, naitiret kuma ƙasa da 40, sai ka daidaita su su zama maza shida, ko namiji biyu da mata biyar, da dodon koɗi biyu ko uku da tsirrai. Iyakar abin da wannan tanki zai ɗauka ke nan cikin kwanciyar hankali. Haɗakar gaske, mai gufi a sama, filati a tsakiya, garken koridoras a ƙasa, tana son tanki mai tsawon santimita 90, wanda ya haura lita 100, kuma a riƙa shigo da su rukuni rukuni, mako biyu tsakanin kowanne. 'Ya'yan da suka yi maka yawa ka ba abokai ko ka kai shago a yi musaya da abinci, kada ka zuba su a rafi ko dam, domin duk inda gufi ya samu shiga yana yaɗuwa ya takura wa ƙananan kifayen wurin. Idan ka auna ruwan, ka aiko mini da lambobin amoniya, naitirait da pH, da kuma inda kake samun ruwa, sai mu ga ko yana buƙatar ƙarin kauri.